Temu aka jefa, kan ƙanwata dutsen ya sauka

Jama'a barkanmu. Tun jiya da daddare nake son yin rubutun nan saboda wata gardama da ta ɓarke a majalisarmu kan kuɗin fiton da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙananan kayan da ake oda ta intanet. Wani abokinmu ya dage wai Trump ya yi daidai, ya karya lagon 'yan Chaina. Na ce masa malam kai a rediyo ka ji labarin, mu kuwa har cikin gidanmu abin ya shigo.

Ga wanda bai bi zancen ba, da can a Amurka akwai wata doka da suke ce wa de minimis, duk ƙunshin kayan da kuɗinsa bai wuce dala 800 ba yana shiga ƙasar ba tare da an biya kwastan ko sisi ba. Da ma dala 200 ce, a 2016 aka ɗaga ta zuwa 800. To ita wannan ƙofar ce Shein da Temu, manyan kamfanonin sayar da kaya masu araha ta intanet, suka gano, maimakon su loda kwantena su biya haraji kamar kowa sai su riƙa aiko wa kowane kwastoma 'yar ledarsa kai tsaye daga masana'anta a Chaina, riga ɗaya, caja ɗaya, ɗan kunne ɗaya. A shekarar kuɗi ta 2024 kaɗai irin waɗannan ƙunshin biliyan 1.36 suka shiga Amurka, kusan miliyan 4 kenan a kowace rana, ina ma'aikacin kwastan ɗin da zai buɗe su ya duba? A watan Fabrairun 2025 Trump ya fara rufe ƙofar cikin gaggawa, kaya suka cunkushe a filin jirgi ba shiri aka janye bayan 'yan kwanaki. Ranar 2 ga Mayu aka rufe wa Chaina da Hong Kong da gaske, ranar 29 ga Agusta kuma aka haɗa da duniya baki ɗaya, har da mu da ba mu ci nanin ba.

Masu saye su suka fara ihu. Tun 25 ga Afrilu Shein da Temu suka ƙara farashi, Temu har layi ta buɗe na musamman a wajen biyan kuɗi tana nuna maka harajin shigo da kaya, mutane suka dinga ɗaukar hoton allon wayarsu suna yaɗawa, rigar dala 18 da 'yan kai ta koma sama da dala 44. Daga baya kuma wasu sai kayan sun iso bakin ƙofa ake miƙo musu takardar biyan kuɗin fito da ba su san da ita ba, wani ma ya ce a mayar da kayan ya haƙura. Kuma kar ku ɗauka masu hali ne ke kukan, mai hali kanti yake shiga ya zaɓi abin da yake so. Uwar da ke lissafin kayan makarantar yara uku ita ce ke kwana tana latsa waya tana neman takalmin dala 6.

Amma ku duba abin da manyan suka yi. Cikin 'yan kwanaki Temu ta daina aiko wa Amurkawa kaya kai tsaye daga Chaina ta koma nuna musu wanda yake jibge a sito cikin Amurka, wato an shigo da shi a kwantena an biya haraji a kan farashin sari, shikenan kasuwa ta ci gaba. Suka rage kuɗin talla a can suka karkata zuwa Turai da sauran ƙasashe, mu ma nan tun ƙarshen 2024 ba ka buɗe Facebook ba ka ci karo da tallan Temu ba. Mai sito da lauyoyi da wakilin kwastan ba ya rasa hanya.

Ƙanwata fa? Ita huluna take sayarwa, zanna bukar da kubbe, da turaren wuta da humra, wani lokaci da shadda ɗinkakkiya, a Instagram take tallarta kuma mafi tsokar cinikinta 'yan uwanmu ne mazauna Amurka masu son ƙamshin gida, musamman gab da sallah ko in za a yi biki. Ana gab da 29 ga Agusta NIPOST, hukumar gidan waya ta Najeriya, ta sanar cewa duk ƙunshin da za a aika Amurka, in ba wasiƙa ko takardu ba, sai an biya dala 80 tun daga nan. Adadin daga can aka yanke shi, ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da dokar ta bayar ta ce ƙasar da harajin da Amurka ta sa wa kayanta bai kai kashi 16 ba dala 80 ne kan kowane ƙunshi a watanni shidan farko, mu kuma kashi 15 aka sa mana. Dala 80 a lokacin wajen naira dubu 120 ne fa. Wata Hajiya a Houston ta yi odar hula biyu da kwalbar turare, duka kuɗinsu bai kai harajin ba balle a zo kan kuɗin aikawa, ta turo saƙon murya tana cewa "ƙanwata ki yi haƙuri a bar shi sai na zo gida". Ana kukan targaɗe sai ga karaya, dama ga tsadar zare da ta itacen turare. Mai ɗinka mata hular wani dattijo ne da ke kwana goma sha a kan guda ɗaya, shi bai taɓa jin sunan Temu ba amma aikinsa ya ragu.

Kuma ba mu kaɗai ba. Gidajen waya na Jamus, Faransa, Indiya, Japan da Ostareliya duk sun dakatar da karɓar kayan Amurka na wani lokaci saboda ba su san yadda za su karɓi harajin su miƙa ba, hukumar gidajen waya ta duniya ta ce saƙonnin da ke zuwa Amurka sun ragu da sama da kashi 80 a ranar farko. In ƙasa kamar Jamus ta rikice ina ga mai sana'ar hannu a Fagge.

Kar a ce na ƙi gaskiya. Duk ɗan Kano ko Kaduna da ya ga yadda atamfar Chaina mai araha ta cika Kantin Kwari masaƙunmu suka zama kufai, ya wuce ta Kakuri ya ga gine-ginen da dubban mutane ke cin abinci a da, ba zai ce masu masana'antun Amurka ƙarya suke yi ba. Kantin tufafin nan na Amurka Forever 21 da ya durƙushe a Maris ɗin 2025 ya ambaci wannan gasar a cikin dalilansa. Ta ya ni zan biya haya da albashi da kuɗin fito, kai kana shigo da naka kyauta leda leda? Da batun ƙwayar fentanyl da jabun kaya da suka ce ana cusawa cikin ƙananan ƙunshin, wannan ma ba zan musa ba. Abin da na ƙi shi ne kuɗin goro, a yi wa kamfanin biliyoyi da mai hula biyu awo da mudu ɗaya. Ai ana iya rage adadin, ko a bi kamfanonin da ke aiko miliyoyin ƙunshi a ce su yi rajista su karɓi harajin tun wajen saye. Burazil kashi 20 ta sa kan kayan da ba su kai dala 50 ba a Agustan 2024, an yi ta ƙorafi amma gidan waya bai tsaya ba. Tarayyar Turai da ta karɓi ƙananan ƙunshi biliyan 4.6 a 2024, kusan duka daga Chaina, yuro 3 ta amince a fara karɓa daga Yulin 2026. Ina yuro 3 ina dala 80.

Abin da ya ba ni dariya kuma ya ba ni haushi, kwana goma bayan Amurka ta rufe tata ƙofar sai namu kwastan suka buɗe tamu, daga 8 ga Satumban 2025 kayan da ba su wuce dala 300 ba sun shiga babu kuɗin fito, sau huɗu a shekara. A matsayina na mai odar belin kunne da takalmin yara na ji daɗi wallahi, ba zan ɓoye ba. Amma telan unguwarmu da ya ga 'yan mata sun koma odar abaya ta waya bai yi murna ba, kuma na fahimce shi.

Ita dai ƙanwata yanzu dabarar da ta koma ita ce ta iyayenmu, a tara odar mutum goma a cusa a jakar matafiyi, in ya sauka New York ya rarraba ta gidan wayar can. Ranar da babu mai tafiya babu ciniki. Yanzu haka akwai hula bakwai a kan durowarta an naɗe su a leda da sunayen masu su, ana jiran wani ɗan unguwarmu da ya ce zai koma bayan sallah in bizarsa ta fito.