Idan sakacin abokin aiki ya ji maka ciwo, wa zai biya?

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da ke Kano, da zarar wani ya kunna inji alhali hannun abokin aikinsa na ciki, abin da aka fi ji daga manaja shi ne: "Ai wane ne ya yi, ku je ku sasanta." Wannan magana ba ta da gindin zama a doka.

Sashe na 12 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya toshe wannan ƙofa. Mai kamfani ba zai kare kansa da cewa wanda ya yi sakacin da wanda ya ji rauni duk ma'aikatansa ne ba. Ko da an cusa sharaɗin sauke masa wannan nauyi a takardar ɗaukar aiki, ka kuma sa hannu, sharaɗin ɓatacce ne.

Inda muke cutar kanmu shi ne wajen rufa asiri. Don gudun kada a kori wanda ya yi kuskuren, sai a ce a gida aka ji ciwon, ko a ƙi faɗa sam, a tafi wurin mai ɗori a ɓoye. Kara ce, na sani, amma mai tsada. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aiki abin da ya faru, shi kuma mai aikin kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, hukumar biyan diyyar ma'aikata da ya kamata yana zuba mata kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi. Neman diyyar kansa a cikin shekara ɗaya ake yi. In hannu ya shanye bayan wata shida, ba takardar asibiti, ba shaida, da me za ka tsaya?

Don haka a rubuta rana, lokaci, wurin, da sunayen waɗanda suka gani. A riƙe kwafi. Wanda ya gani da idonsa ya faɗi gaskiya in an tambaye shi, haƙƙin ɗan'uwansa ne a kansa.

Shi ma mai sakacin ba a bar shi a hannun manaja kawai ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa; yanke kuɗin ɓarna sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Idan an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano.