Ɗalibin dirama ya samu waya, kada ya rasa 'yan kallo

A jami'o'inmu na Arewa da ake koyar da wasan kwaikwayo, ba a rasa ɗalibin da idan ya je hutu aka tambaye shi abin da yake karantawa, sai ya sassauta murya ya ce Turanci ko aikin jarida. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗi gaskiya. Wani kawu zai kama baki ya ce, "Yanzu duk kuɗin da ake kashewa don ka zama ɗan dirama ne?" In mace ce kuwa, sai an haɗa da zancen wa zai aure ta.

Wanda ya zauna kusa da waɗannan ɗalibai ya san ba holewa suke yi ba. Da safe lakca kamar kowa, da yamma a shiga rihazal, wato gwajin wasa, wani lokaci har tsakar dare in ranar wasa ta matso. Su ne kafintoci, su ne teloli, su ne masu haɗa fitilu, kuma sau da yawa da karo-karo suke sayen katako da fenti. Makin kowa rataye yake a wuyan 'yan ƙungiyarsa, in mutum ɗaya ya yi nawa aikin kowa ya tsaya.

Sai ga waya ta shigo. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar ɗalibai a gida babu aikin fari bare na baƙi, kuma ba kaɗan ba ne suka koma ɗaukar gajeren barkwanci suna ɗorawa a TikTok da Facebook. Ban ga laifinsu ba. Bidiyon minti ɗaya yana kai yaro gaban mutanen da zauren jami'a ba zai ɗauke su ba ko shekara goma za a yi ana cika shi, ga kuɗin talla in Allah ya ɗaga shi. Kawun nan ma yakan sauko in ya ga alat. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya ɗauka waya ta isar masa, ya bar dandamali kafin dandamali ya gama koya masa sana'ar.

A duba Jami'ar Ahmadu Bello. Wani malamin wasan kwaikwayo, Michael Etherton, ya zo Zariya a 1975 bayan ya yi aiki a Jami'ar Zambiya, aka kafa karatun dirama. Gidan wasan da aka gina a Samaru ginin laka ne, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara shi da siffar gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Amma babban abin da Zariya ta yi suna a kansa ba a cikin ginin ya faru ba. Tun daga Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977, malamai irin su Salihu Bappa, da Oga Steve Abah daga baya, sun riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka da unguwannin Samaru. A zauna da mutane a ji abin da ke damunsu, taki ne ko ruwan sha ko gona, a ƙulla wasa a kai, a yi shi a fili a gabansu, a kuma saurari abin da za su ce.

A irin wannan fili ake yi wa ɗan wasa jarrabawar gaske. In ka kwaikwayi manomi a gaban manoma kuma ba haka suke magana ba, fuskarsu za ta gaya maka nan take. In ka saki zancen da ka yi zaton zai kashe mutane da dariya aka yi tsit, babu wanda zai yanke wurin ya sake ɗauka, dole ka ƙarasa wasan da kunyarka. In kuma ka wuce gona da iri, wata dattijuwa za ta ce "A'a, ɗan nan," ka koyi iyakarka a maraice ɗaya. Waya ba ta yin wannan. Lissafin masu kallo take kawo maka, kuma ba ta bambance wanda ya yi dariya da wanda ya tsaya don takaici. Shi ya sa barkwancin intanet ɗinmu ya cika da abu mafi sauƙi: baƙauye mai karyayyen Turanci, mai i'ina, mace mai son abin duniya, namiji da ɗaurin zane. Wanda ake yi wa dariyar ba ya wurin bare ya rama.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wasan tsokana, amma tsokanarsa ido da ido ce. Tashe, da ake farawa bayan goma ga azumi, ƙofar gidan mutum ake zuwa. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, kuma fada ta san da zancen. Kalankuwa samarin ƙauye ke naɗa nasu hukumomi bayan kaka, a Damagaram kuma ana wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan ƙasa a bainar jama'a. Mai tsokana da wanda ake tsokana sun san juna, gobe ma za su haɗu a kasuwa. Waɗannan filaye suna ƙanƙancewa. Tashe kansa 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba. Dandamalin jami'a na cikin 'yan wuraren da suka rage da matashi zai tsokani mutane suna kallonsa.

Akwai kuma maganar hukuma. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, kan bidiyon barkwanci da suka yi wa gwamnan lokacin. A ganina bulala ba amsar barkwanci ba ce, kuma shugaban da raha ta tayar masa da hankali ya kamata ya binciki kansa. Amma tunda a irin wannan ƙasa yaranmu za su yi aiki, gwanintar habaici da shaguɓe ta zama garkuwa. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana yi wa rayuwar bariki dariya a matsayin Samanja, a gidan talabijin na gwamnati, har a zamanin mulkin soja, sojojin kansu na cikin masu kallo. Irin wannan iya taku ba a kwana ɗaya ake samunsa ba.

Su ma sassan dirama suna da nasu laifin. Wasanni da yawa da Turanci ake yin su, malamai su ba da maki, 'yan ajin su tafa wa juna, a kulle zaure. Rashin tsaro da tsadar mota sun sa fita ƙauye ta yi wuya, na yarda, amma shiga unguwar da ke jikin katangar makaranta ba ya buƙatar rakiyar soja. Me zai hana a ware dare ɗaya a wata na gajerun wasannin ban dariya da Hausa, a sa kuɗin shiga kaɗan, a buɗe wa 'yan gari ƙofa? Kowane ɗalibi ya gwada abin da ya rubuta a gaban masu shayi da 'yan acaɓa da matan aure, ya ga inda aka yi dariya da inda aka tsuke fuska, ya gyara, sannan a ɗauka da waya a ɗora. Kuɗin ƙofar kuma ya tafi wajen katako da fentin da yanzu ɗalibai ke saye da kuɗin abincinsu.