Na ajiye mashin, na koma sayyada

Tun ƙarshen 2024 na daina hawa mashin daga gidana a Domayo zuwa shagona a babbar kasuwar Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma har gobe akwai masu kallona da idon tausayi. Shekaranjiya wani yaro ɗan acaba ya ci burki a gabana ya ce, "Baba Alhaji, hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Allah ya yi masa albarka, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma maganarsa ta nuna mini yadda muka ɗauki tafiya a ƙasa: in an ga magidanci yana takawa, to karayar arziki ce ta same shi. Wannan tunanin yana cutar da mu ƙwarai.

Ba zan ɓoye ba, aljihu ne ya fara koro ni. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato man sumogar da muke saye a kwalba bakin titi, ya yi tashin gwauron zabi. A gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024. Sai kuma likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya ce in riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. Ni minti 25 ke kai ni shago, 25 ke dawo da ni, kwana shida. Maganina ina sha ban fasa ba, amma barci ya dawo mini, ciwon bayan da zaman shago ya sa mini ya yi sauƙi, tazugen wandona ma sai da na ƙara ja.

Abin da ya fi taɓa zuciyata dai wani ne daban. Shekara da shekaru ina wuce layinmu a guje, gaisuwata ɗaga hannu da danna oda. Da na fara takawa, a mako na biyu na lura tsohon telan da ke kan kwana ba ya buɗewa. Na tambaya, aka ce ai wata uku yana kwance. Wata uku, ni da shi katanga huɗu ce tsakani! Na shiga na tarar da shi kan tabarma, kekensa na ɗinki an lulluɓe da zane, ƙura ta hau. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ashe kana garin." Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Garin nan kuwa kamar don masu tafiya aka yi shi. Inuwar dogon yaro a jere gefen hanya, in rani ya yi ka ratsa yashin kogin Mayo Kaliao da ƙafarka, ka wuce masu wanki da yara 'yan ƙwallo, ƙanshin ƙosai yana binka. A kan mashin ƙura kawai nake sha. Kuma mun san a hadisi cewa Banu Salima sun so su taso kusa da masallaci, Manzon Allah (SAW) ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Mu kuwa masallacin bayan layi ma sai an tada mashin.

Na san za ku ce rana. Gaskiya ne, a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ba wanda zai ce ka fita da azahar. Ni bayan asuba nake fita, in dawo dab da magariba, da gorar ruwa a hannu. In kaya ya yi nauyi ko Kaliao ta cika da damina, ina hawa acaba. Wanda ke da ciwon ƙafa ko nisan gida ya yi yawa, ba da shi nake ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kawai shi ne masu mashin da ke matse mai tafiya har bakin kwata, kamar ba shi da haƙƙi a titin.

Telan nan ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu kullum da safe nakan tsaya mu gaisa, jiya ma shi ya rako ni har bakin gada yana dogara sanda.