Ruwan Tiga ya iso gona, saura masana'anta

Wanda ya bi hanyar Zariya lokacin kakar tumatur ya tsaya a Kwanar Gafan zai ga kwanduna jere a bakin titi, wasu sun fara ruwa, masu su na roƙon dillali ya ɗauka ko nawa ne. Ruwan da ya shayar da tumaturin nan daga dam ɗin Tiga ya taso, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974. Babu attajirin da zai tare kogin Kano da kuɗin aljihunsa, ya haƙa magudanai har Kadawa da Kura da Bunkure. Gwamnati ce ta yi, shekara hamsin ke nan talakan karkara na cin tuwo da shi.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa gwamnati ta tsame hannu ta bar wa kasuwa komai ba. Mun ɗanɗana wannan tun shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986. Naira ta faɗi, kayan waje suka cika kasuwa, wuta ta ƙi samuwa, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce mini ga masana'antar ƙarfe ta gwamnati da ke Ajaokuta, tun 1979 ake zuba mata kuɗi, har yau ba ta narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Gaskiya ne, abin da ciwo. Amma Koriya ta Kudu ma kamfanin ƙarfe na gwamnati ta kafa a 1968, POSCO, ya zama cikin manyan duniya. Can, rancen banki mai rangwame da sharaɗi yake tafe: ka sayar da kaya a ƙasashen waje ka ci gaba da samu, ka gaza a janye. Nan kuwa tallafi kyauta ce ga mai uwa a gindin murhu.

Dubi masana'antar sarrafa tumatur ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016. Ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatur, a yankin da tumatur ke ruɓewa a kwando! Tsutsa ta cinye gonaki a shekarar, kuma in farashi ya hau a kasuwa manomi can zai kai nasa, wa zai ga laifinsa? Ingantaccen iri, maganin feshi, malaman gona, yarjejeniyar farashi tun kafin shuka, duk aikin hukuma ne ta ɗinke su. Haka riɗi da zoɓon Jigawa ke fita ɗanye, wasu su matse mai su kwashe ribar.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tafiyar da harkar wutarsu. Ina roƙon gwamnonin Kano da Jigawa su fara daga nan: wuta tsayayya ga injinan casar shinkafa na Kura da Haɗeja, rance ga wanda zai sarrafa amfanin gona a ƙauyen da aka noma shi, a kuma riƙa bin sa duk shekara a ga buhu nawa ya saya a hannun manoma, matasa nawa ya ɗauka aiki.