Mafarkinka Ba Ya Ɗaure Kowa

Ƙannena masu cika teburin mai shayi a Wunti da Yelwa a Bauchi bayan isha'i, na ji musunku a kan sabon wasan kwaikwayon kotun nan na talabijin, wanda aka cakuɗa shari'a da imani da gane-gane. Ban hana ku kallo ba, ni ma nakan leƙa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da wani cikinku ya ce, "Ai ko a nan, in bawan Allah ya gani a mafarki, magana ta ƙare." Ba ta ƙare ba, ƙanena. Ko farawa ba a yi ba.

Marubucin wasa shi ya ƙulla laifin da hannunsa, ya san mai shi tun kafin a kunna kyamara, don haka duk abin da ya nuna wa jaruminsa a barci dole ya faɗa daidai. Kai fa, wa ya rubuta maka naka?

Kada wani ya ce na ƙaryata mafarki. Manzon Allah (SAW) ya ce mafarki nagari yanki ɗaya ne cikin 46 na annabta. Amma shi ɗin dai ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, firgitarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Wanda ya wuni yana zargin maƙwabcinsa, ya ci tuwo ya kwanta ya gan shi da wuƙa, ai ba sai an tashi malam ba kafin a san a wane kaso yake.

Ku buɗe Suratu Yusuf. Babu surar da ta kai ta mafarkai: taurari goma sha ɗaya da rana da wata, fursunoni biyu, shanu bakwai na sarki. Amma ranar da matar Azizu ta ɗora wa Annabi Yusuf laifi, ba wanda ya ce a je a kwanta a gani. Wani daga danginta cewa ya yi a duba riga. In ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, ƙarya take. Aka duba, ta baya ce. Daga bisani ma, da ya fassara mafarkin sarki aka aiko ya fito daga kurkuku, bai fito ba, sai ya ce a koma a tambayi matan nan da suka yanke hannayensu. Annabi ne guda, gwanin fassarar mafarki, amma bincike ya nema ya wanke shi a bainar jama'a.

Haka a hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) da wahayi ke sauko masa ya ce yana hukunci ne da abin da ya ji daga bakin masu jayayya. Ƙa'idar da kowane alƙali a Bauchi ya haddace ke nan: hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 36, shi ma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Kuma dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ta mai da jifan mutum da maita laifi mai zaman kansa, abin da yawancinku ba ku sani ba sa'ad da kuke tura hoton wata tsohuwa a WhatsApp.

Na ga irin wannan da idona lokacin ina koyon ɗinki. Wayar maigidanmu ta ɓace, aka je wajen mai duba, ya buga ƙasa ya ce yaro ne baƙi siriri, na jiki. Mu huɗu ne a shagon, kusan dukkanmu haka muke, amma aka zaɓi wanda ba shi da gata. Washegari wani ya zo da nasa ƙarin, wai ya yi mafarkinsa yana gudu. Aka dake shi, aka kore shi, ni kuwa bakina ƙanin ƙafata, don kada abin ya juyo kaina. Bayan Sallah, da muka zo kwashe ragowar yadi, sai ga wayar a ƙasan buhu, batir ya mutu. Maigida ya aike ni in kira shi. Mahaifiyarsa ce ta leƙo zaure, ta ce ya tafi Kano tun cikin azumi.