Byzantine Ba Sunan Daula Kaɗai Ba Ne

Wani ɗalibi a Garwa ya ga kalmar byzantine a rubutun Ingilishi kan haraji, ya ce: "Malam, me ya kawo Rumawa nan?" Da yawa haka suke ɗauka. Gaskiya asalin kalmar sunan daular Rumawan Gabas ne, mai babban birni a Kustantiniya, Istanbul ta yau, wadda Usmaniyawa suka ci a 1453. An ari sunan ne saboda fadarta ta yi suna wajen ƙulle-ƙulle da matakan mulki barkatai. Yau tana nufin tsarin da ya sarƙafe fiye da kima: wannan ofis ya tura ka wancan, can a ce sai hatimi, mai hatimin kuma ya tafi Marwa. Lissafi mai wuya kawai bai kai a kira shi haka ba.