Tishun Koriya da agogon bangonmu

A Koriya ta Kudu, idan aboki ya gayyace ka ganin sabon gidansa, abin da za ka riƙo shi ne ƙunshin tishun banɗaki, irin mai naɗi 30 ɗin nan, ko ƙaton kwalin omo. Mai gida zai karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Fatan da ke ciki shi ne al'amuran gidan su warware salin-alin yadda tishu ke warwarewa, arziki kuma ya yi ta tashi yadda kumfa ke tashi. A da ashana da kyandir ake kaiwa, kafin wutar lantarki ta wadata.

To, ka shiga gidan wani a Hotoro ranar tarewa da tishu a hammata ka gani. Kafin magariba labarinka ya kai gidan surukai: wane ai ya raina mu. Amma tun da na zauna a birnin Daejeon na Koriya nake ganin a wannan fannin su suka fi mu gane halin wanda ya tare.

Mai sabon gida aljihunsa a bushe yake. A nan akwai tsarin haya da ake kira jeonse, inda mutum zai damƙa wa mai gida maƙudan kuɗi a dunƙule, sau da yawa fiye da rabin darajar gidan, ya zauna shekara 2 ba ya biyan haya, a mayar masa da kuɗinsa in zai tashi. Galibi da bashin banki ake haɗawa. Mu ma kanwar ja ce: kuɗin hayar shekara, la'adar dillali, fenti, motar kwasar kaya, ko kuma gini ya cinye komai har sai da aka sayar da fili. Irin wannan mutumin abin da zai rage masa cefane yake nema.

Mu kuwa me muke kaiwa? Agogon bango, kula, saitin farantai, hoton Ka'aba a gilashi. Sai ka tarar da agoguna jingine a bayan kujera an rasa bangon da za a kafa su, kuloli kuma suna cikin kwalinsu a saman durowa, suna jiran bikin wata a sake naɗe su. Kyauta ce da aka saya don idon mutane. Abin haushin ma, iyayenmu sun san daidai tun tuni. Dubi gara: shinkafa, man gyaɗa, manja, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, ga alkaki da nakiya na tarbar baƙi. Duk abin da za a ci ya ƙare ne. Sai dai mun tsare wannan hikimar ga amarya kaɗai. Magidanci mai 'ya'ya biyar da ya yi ta fama har ya bar gidan haya, shi agogo ne rabonsa.

Wajen neman tsari kowa da hanyarsa. Su 'yan Koriya suna duba kalandarsu ta lissafin wata su tare a ranakun 9, 10, 19, 20, 29 da 30, wai ba miyagun iskoki a gari, har kamfanonin kwasar kaya kan ƙara kuɗi a ranakun. Mu a karanta Baƙara ko a yi sauka, a ba almajirai sadaka, a bi ɗakuna da turaren wuta.

Inda ba zan yarda a haɗa mu da su ba shi ne maƙwabtaka. A al'adarsu wanda ya tare shi ke bin maƙwabta da wainar shinkafa mai jan wake, amma a dogayen benayen yanzu abin ya ja baya, wani ko ƙofa ba zai buɗe ba. Maƙwabcina na sama, a lif kawai muke sunkuyar wa juna kai. A gida kuwa, ba a gama sauke katifa ba za ka ji sallamar yaro da kwano: "Wai in ji Umma, sannunku da zuwa." Tuwo ne da miyar kuka, da zafinsa, domin an san yau ba a kafa murhu ba. A ba yaro tukwici, kwanon kuma ba ya komawa wayam. Gobe mata su shigo ganin gida, "Allah ya sa rai aka yi wa," kafin mako an san sunan kowane yaro.

Kwanan baya wani ɗan'uwanmu ya tare a Rijiyar Zaki. Na tura wa ƙanwata kuɗi na ce ta kai katan ɗin omo, butoci biyu, ta cika musu tukunyar gas, sauran ta sa musu a mita. Ta yi shiru a waya, can ta ce, "To Yaya, amma dai a haɗa da kula ko ɗaya ce, kar a ce mun yi rowa."